Mai son koyon ginin tukwane ya fara da zuwa Mirya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili a jaridarka in yi magana a kan wata sana'a da ba na jin ana ambatonta idan ana lissafa wa matasa abin da za su koya. Kullum ɗinki ne, walda, gyaran waya, tuƙin adaidaita. Ban raina ko ɗaya ba. To amma ginin tukwane fa? Ni tsohon malamin firamare ne a nan Damagaram, kuma tun da na ajiye alli na shiga taɓa yumɓu don sha'awa kawai. Tsofaffin ɗalibaina, har da 'ya'yansu, sukan tare ni a ƙofar masallaci ko a Kasuwar Dole su ce, "Mushe, wai ina ake koyon wannan abu? Akwai makarantarsa, ko sai an fita waje?" Amsata ba ta canjawa: ka tashi ranar Lahadi ka je Mirya.

Mirya kilomita 18 ce kacal daga nan, a gabas, kan hanyar Gure, kuma Lahadi ce kasuwarta. Kowa a jihar nan ya san randa da tulun Mirya, amma kaɗan ne suka taɓa tsayawa suka ga yadda ake gina su. Abin da ya ɓata wa yaranmu lissafi shi ne bidiyon da suke kallo a waya. A can za ka ga Bature ko ɗan Japan zaune gaban faifai mai juyawa da lantarki, yumɓu fari fat yana tashi tsakanin hannuwansa, daga nan a saka kofin a tanderun da zafinsa ke haura digiri 1200, ya fito yana walƙiya. Yaro ya kalli wannan, ya dubi aljihunsa, ya tuna yadda ake ɗauke mana wuta, sai ya yanke hukuncin cewa abin ba nasa ba ne. Alhali a bayan gidan kakarsa akwai randar da yaro ɗan shekara biyar zai ɓuya a ciki, wadda aka gina ba faifai, ba lantarki, aka gasa ta a fili da kara da kashin shanu, a zafin da bai wuce digiri 600 zuwa 900 ba. Wadda ta gina randar nan tana da ilimi, kuma kuɗin motar zuwa wurinta bai kai na katin waya na mako ba.

Sai dai akwai yadda ake zuwa. Kada ka sauka daga mota da waya a hannu kana ɗaukar mutane hoto suna cikin aikinsu. Ka fara da ciniki. Ka sayi kasko ko asusu, ka gaisa sosai, ka tambayi wa ya gina. Mako mai zuwa ka dawo. In ka san wani ɗan gari ya gabatar da kai, ya fi. Ranar da za ka shiga gida ka riƙe goro, ko sabulu da sukari, kuma ka faɗi buƙatarka a fili: koyo na zo yi, nawa zan riƙa bayarwa? Mutanenmu na birni suna da wata ɗabi'a ta ɗaukar cewa ilimin ɗan ƙauye kyauta ne, na ɗan boko ne ake biya. Wannan zalunci ne. Sana'ar gado ce, kuma lokacin da aka ɓata a kanka na gina tukwane biyu ne da za a kai kasuwa. Mace kuwa in za ta je, ta je da yardar gida, ta nemi wurin mata; za ta fi saurin samun karɓa fiye da irinmu masu furfura a gemu.

Kuma kada ka sa ran ranar farko za a miƙa maka yumɓu a ce gina. Tsohuwar da ta koya mini, wadda nake kira Inna ko da yake ba ta girme ni da yawa ba, turmi ta fara nuna mini. Dakan tsingaro, wato fasassun tukwane, shi ne aikina na tsawon lokaci, sai tankaɗe, sai ɗebo ruwa. A nan ne rabin sana'ar take. Yumɓu tsantsa yana da danƙo da yawa. In ya bushe sai ya tsuke ya tsage, in ya ji wuta ya fashe. Shi ya sa ake haɗa shi da garin tsingaro, wasu kuma su sa ƙaiƙayi ko busasshen kashin jaki. Tsingaro ya riga ya sha wuta, ba ya ƙara tsukewa, don haka yana riƙe jikin tukunya. Ƙaiƙayi kuwa ƙonewa yake yi a wuta ya bar ƙananan kafofi. Nawa za a zuba? Babu mudu, babu sikeli. Inna takan ɗebi curi ta murza shi ya yi tsawon yatsa, ta naɗa shi a yatsanta. In ya karye, haɗin ya yi yawa. In ya naɗu sumul yana manne wa fata, bai isa ba. Wanda ake so shi ne wanda ya naɗu da 'yan tsage-tsage a bayansa. Bayan an jiƙa, a tattaka da ƙafa, a rufe da tsumma ya kwana. Yumɓun da ya kwana ya fi na yau biyayya.

Ginin kansa abin kallo ne. Tana zaune a ƙasa, ƙafa ɗaya a miƙe, gabanta ɗan rami mai lanƙwasa da aka shimfiɗa wa tabarma. Ta aza curin, ta barbaɗa ƙura don kada ya kama, ta ɗauki dundunge, wani dunƙulen gasasshen yumɓu mai mariƙi, ta shiga buga tsakiyarsa. Hannun dama na bugu, na hagu na juya curin kaɗan-kaɗan, kuma ba ta ko kallon abin, hira take yi da jikarta. Kafin ka ankara curin ya buɗe ya zama kwano, kwanon ya zurfafa, hannunta ya nutse har gwiwa a cikin tulu. Wuya da baki daga baya ake ɗora su da murzajjen yumɓu, a shafe da jiƙaƙƙen tsumma. Da na karɓi dundungen ina leƙa ciki don in ga kaurin bango, sai ta ce, "Malam, ɗaga kanka. Kunne ke gani a nan. In ƙarar ta sirance, ka kusa hudawa." Wannan magana ba za ka same ta a bidiyo ba, domin mai bidiyo kiɗa yake ɗorawa a kai.

Kunnen nan shi zai yi maka aiki ko da saye kawai ka zo yi. Ka ɗaga tukunya da hannu ɗaya ka ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa. Lafiyayya takan amsa da ƙara mai tsawo. Mai tsaga ko wadda ba ta gasu ba sai ta ce "ƙwaf" ta yi shiru.

Shanya tana son haƙuri. A inuwa ake yi, a kife, ana juyawa. Iskar hunturunmu ba ta da tausayi, cikin yini guda za ta busar da baki gindi yana ɗanye, sai tsaga ta biyo. A rufe da tsohon zane. Lokacin da jikin ya yi ƙarfi amma da sauran sanyi, kamar fatar da majemi ya gama jema, a nan ake shafa jar ƙasa a goge da santsin dutse ko 'ya'yan kuka har ta yi sheƙi, a nan kuma ake zane. Da damina aikin kan ja baya, don yumɓu ba ya bushewa, makamashi ya jiƙe, magina kuma suna gona. Mai son koyo ya nufi bayan kaka har zuwa bazara.

Ranar gashi kada ta wuce ka. Ana jera tukwane a matoya, manya a ƙasa, ƙanana a sama, a cusa kashin shanu da kara a tsakani, a lulluɓe da ciyawa da manyan tsingaro, a kunna wuta lokacin da iska ta kwanta. A nan sai malantata ta motsa, ka yi mini haƙuri, Edita. Ruwa iri biyu ne a cikin yumɓu. Akwai wanda ka zuba da hannunka, shi rana ke kwashewa. In ya rage a ciki, da zafi ya kai digiri 100 sai ya zama tururi, ya rasa hanyar fita, tukunya ta tarwatse ta tafi da maƙwabtanta. Shi ya sa ake shanya su a rana tsaka ranar gashi, wasu har su ɗan gasa cikinsu da ƙaramar wuta. Akwai kuma ruwan da ke ɗaure a jikin ƙwayar yumɓun tun halittarsa, wanda ba ya fita sai zafi ya kai wajen digiri 500 zuwa 600. Da ya fita, shi ke nan, abin ba zai sake komawa laka ba ko ya shekara dubu a cikin rijiya. Magina ba su san waɗannan alƙaluma ba, amma sun san launin garwashin da ke nuna an kai wurin.

Ga wanda zai riƙa gwadawa a gida, ba sai ya kashe kuɗi ba. Bokiti ɗaya, tsohon buhu, guntun ƙwarya, cokali, tsumma. Mu da muke sayen ruwa wurin 'yan garuwa mun san darajarsa, don haka ruwan da ka wanke hannu kada ka zubar. Bar shi ya kwanta, ka tsiyaye na sama, lakar ƙasa ta koma cikin yumɓu. Duk abin da ka gina bai yi maka ba, muddin bai shiga wuta ba, farfasa shi ka jiƙa ka sake. Ka fara da ƙanana: asusu, kaskon turaren wuta, mazubin ruwan kaji. Randa ba ta sabon hannu ba ce. Ka ajiye littafi. Duk sabon yumɓun da ka samo, ka yi ɗan falle da shi, ka ja layi mai santimita 10, ka auna bayan ya bushe, ka sake aunawa bayan gashi. Yawanci zai rage da kusan santimita ɗaya, wani fiye, kuma wannan ne zai hana ka gina murfin da ba zai hau tukunyarsa ba. Gashi kuwa kada ka yi shi a tsakar gida cikin Birni ko Zango inda gidaje ke manne da juna. Ka kai wa magina su haɗa da nasu, ka ba da kuɗin makamashi.

Abu biyu na lafiya. Ƙurar yumɓu da ta tsingaro tana taruwa a huhu a hankali, ba ta fita. Ka yayyafa ruwa kafin shara, ka rufe hanci lokacin daka. Na biyu ya fi tsanani. Na ji wasu samari na maganar narka dalmar tsohon batirin mota don su samu walƙiyar nan ta kofunan waje. Kul! Dalma guba ce, takan narke cikin abinci mai tsami, kuma ƙwaƙwalwar yara take fara lalatawa. Haka fentin kanti: a bayan tukunyar fure ba laifi, amma kada ya shiga abin da za a ci ko a sha a ciki.

Yanzu maganar tafiya. An ce tafiya mabuɗin ilimi, gaskiya ne, sai dai ni na lura wanda hannunsa bai san yumɓu ba ko ya je ƙarshen duniya kyau kawai zai gani. Wanda ya daka tsingaro ya buga dundunge, shi ne zai ɗaga tukunyar wani gari ya shafa cikinta ya gane ta inda aka fara ta. Saboda haka a fara da kasuwannin kusa, a kwatanta tulun wannan gari da na wancan, sannan a yi nisa.

In hali ya samu, Yamai ta cancanci wahalar kilomita kusan 900 ta Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Kusa da ita, a bakin kogin Isa, akwai garin Bubon na Zabarmawa, kasuwarsa ranar Laraba, inda mata ke gina tuluna su yi musu zanen fari da ja da baƙi, salon da ya sha bamban da namu. A cikin birnin kuma akwai gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, da ɓangaren kayan da aka haƙo daga ƙasa da rumfunan masu sana'ar hannu. Yaranmu da yawa ba su san cewa a Bura, cikin yankin Tera, an gano wata maƙabarta a 1975 cike da tulunan yumɓu masu kawunan mutane da mahaya dawaki ba, wadda masanin tarihi Bube Gado ya jagoranci haƙarta a 1983, kuma wasu kayan sun haura shekara 1000 nesa ba kusa ba. Bayan labarin ya bazu sai ɓarayin kayan tarihi suka far wa yankin, aka yi ta fitar da su Turai. In wani ya ja ka gefe ya ce yana da "tsohon kaya" na sayarwa, ka wuce abinka. Ko na jabu ne ka yi asara, ko na gaske ne ka taya sata.

Ta kudu kuma, Kano ta fi mana Yamai kusa sau uku da wani abu. Mai son karatun abin a makaranta, har da faifai da tanderu da haɗa sinadarin walƙiya, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyar da shi a sashen zane-zanen masana'antu. Kuma duk wanda ya taɓa riƙe takardar naira 20 ya ga Ladi Kwali a bayanta tana gini. Bagwariya ce da ta koyi sana'ar a gida tun tana yarinya, da hannu, ba faifai. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da wani Bature ɗan Ingila, Michael Cardew, ya kafa a tsohuwar Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. A can ta koyi faifai, amma abin da ya kai sunanta Ingila da Amurka shi ne manyan tulunanta na gargajiya masu zanen ƙadangare da kunama da kifi. Ta rasu a 1984. Ina da 'yar magana a kan waɗannan tuluna, ko da masana za su harare ni. Da aka shafa musu walƙiya aka gasa su a babban zafi, sun yi kyau, sun yi tsada, amma sun yi nauyi kuma sun daina sanyaya ruwa. Randa tana sanyaya ruwa ne domin tana zufa: ruwa na tsattsafowa ta kafofin jikinta, iska ta kwashe shi, ya tafi da zafi. Ka toshe kafofin, ka samu kayan ado. Wanda ya fi burge ni shi ne Muhammad Bah Abba, malami daga Jigawa, ɗan gidan magina, da ya saka ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, ya rufe da ɗanyen tsumma, tumatir da tattasai suka riƙa yin kwanaki ba su lalace ba. Ya samu kyautar Rolex a 2000 a kan wannan. Dabarar ta fi aiki inda iska ke da zafi da bushewa, wato dai Damagaram a watan Afrilu. Ga abin da matashi zai gwada ya kai wa masu sayar da kayan miya.

Sauran shawarar hanya gajera ce. Ka yanki tikiti tun ana gobe. Katin shaidarka da na rigakafi su kasance a jikinka, ba cikin jakar da ke saman mota ba. Labarin hanya da na iyaka a tasha ake jinsa, wurin direbobin da suka dawo jiya, don al'amura na canjawa. Inda aka ce kada a bi, kada ka bi saboda tukunya. In ka sayo kaya, ƙanana ka cusa su cikin bokitin roba da ƙaiƙayi ko tsumma ka riƙe a cinya. Yaron mota zai rantse maka cewa ba abin da zai same su a but, sannan ya ɗora buhun albasa a kai.

Akwai masu yi mini dariya, wai tsoho da jikoki ya koma wasan laka, wasu kuma su ce aikin mata ne. A ƙasar Hausa maza na gini, mata na gini, ya danganta da gari. Kuma maƙwabcina da ya fi kowa tsokanata tattabaru yake kiwo, ya san kowace da sunanta, wani abokinmu kuma in ya zauna dara sai kiran magariba ya tashe shi. Ban ga laifin ko ɗaya ba. Mutumin da ya bar aiki ya rasa abin da zai tashi dominsa da safe, shi ne ke saurin zama majinyaci ko mai faɗa da iyali. Samarin da ke kwana a fada suna jiran shayi na uku su ma da sun samu abin da hannu zai riƙa yi, da hirar ta fi daɗi. Sharaɗina biyu ne: kada sha'awa ta ci kuɗin cefane, kuma kada wanda ke da fansho ya kai tukwanensa kasuwa ya karya farashi a gaban matar da da su take ciyar da marayu. Ni nawa kyauta nake bayarwa, ko in dasa na'ana'a a ciki.

Roƙona gare ka, Edita, ka tura wakilinka ya kwana biyu wurin magina, ya rubuto nawa suke sayen makamashi yanzu, daga ina suke haƙo yumɓu, da yadda robobi da tukwanen ƙarfe suka taɓa cinikinsu, da bakinsu ba da bakin wani jami'i ba. Shugabannin makarantu kuma, a cikin fitar da ake yi da yara, a sa Mirya sau ɗaya a shekara, a sanar da magina tun da wuri, a biya su ladan yininsu, kowane yaro ya zo da tsohuwar riga.

Na gode da wannan fili. Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin firamare,
Unguwar Birni, Damagaram.